Ba Gwamna Ne Ke Riƙe Da Kowace Ƙofa Ba

Kwanakin baya wani marubuci da na daɗe ina bibiyar alƙalaminsa ya yi makala a kan yaranmu masu neman tallafin karatu a ƙasashen waje, kuma shawararsa gare su ita ce su haƙura. A ganinsa, abin nan da ake kira sikolashif tarko ne kawai da ke cinye lokacin ɗan talaka da ɗan abin da ubansa ya tara. Ya ce duk gurbin da ke da maiƙo an riga an raba shi tun kafin a buga sanarwa, sai mai uwa a gindin murhu ke samu. Ya ce ko an kira shi kyauta, kafin yaro ya taka matakalar jirgi sai an kashe abin da malamin firamare ba ya haɗawa a shekara, tsakanin fasfo da jarrabawar Turanci da biza da gwajin asibiti. Ya tuna mana ɗaliban da gwamnatoci suka kai waje da kiɗa da guɗa, sannan suka manta da su. Ya rufe da cewa wanda ya dace ya tafi ma ba dawowa yake yi ba, mu mu raina, wasu su mora. Don haka, in ji shi, yaro ya riƙe JAMB ɗinsa, ya nemi bashin NELFUND, ya bar mafarkin Landan ga masu ita.

Ban ɗauki Malam mai baƙin ciki ba. Tausayi ne ya sa shi magana, kuma yawancin abubuwan da ya lissafa sun faru, wasu ma sun fi yadda ya faɗa muni. Sai dai hujjarsa daga wani gida ya ɗauko ta, hukuncin kuma a kan wani gidan ya faɗa, kuma wanda zai kwana a ciki shi ne dai wannan ɗan talakan da ake kuka dominsa.

Mu fara da inda yake da gaskiya. Gwamnatin tarayya ta yi shekara da shekaru tana tura ɗalibai Rasha da Sin da Hungari da Maroko da Aljeriya da Masar ƙarƙashin yarjejeniyar da ake kira BEA: ƙasar da ta karɓe su ta ɗauki nauyin karatu, Najeriya ta ba su na ci da sha. A 2024, bayan an yi watanni ba a biya su ba, aka zaftare alawus ɗin daga dala 500 a wata zuwa dala 220. A Afrilun 2025 kuma ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da cewa an daina tura sababbi. TETFund, mai ɗaukar nauyin malaman jami'o'i da kwalejoji, ita ma ta dakatar da tura su waje daga farkon 2025, tana kuka da tsadar dala da masu zuwa su ƙi dawowa. Labarin ɗaliban Zamfara da suka maƙale a Arewacin Cyprus saboda bashin makaranta kowa ya ji shi. A Kano kuwa mun ga yadda shirin jihar na tura ɗalibai waje ke bin gwamna: ya bunƙasa tsakanin 2011 da 2015, ya yi sanyi bayan nan, ya dawo a 2023 da sanarwar gurbi 1,001 zuwa Indiya da Uganda. Dalilin wannan tangal-tangal a fili yake. Kasafi da naira ake yin sa, makaranta kuma dala take so. Dalar da ake saye wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 cikin shekara guda. Ko masu biya wa kansu ba su tsira ba: a 2024 jami'ar Teesside da ke Ingila ta dakatar da wasu 'yan Najeriya saboda ajiyarsu ta naira ta narke kafin su kammala biya.

To, Malam ya sake duba wannan jerin. Me ya haɗa su? Kuɗin duka daga Abuja yake fitowa, ko daga gidan gwamnatin jiha, ko daga aljihun uba. A nan ne ake kai takarda gidan ɗan majalisa, a nan ne suna ke ɓacewa tsakanin ofis da ofis. In wannan yake nufi, na sa hannu. Amma ya taɓa jin an kori ɗalibin Chevening daga ɗakinsa saboda gwamnan jiharsu ya faɗi zaɓe? Akwai wani kuɗin daban, mai yawa, wanda ba ya bi ta hannun kowa a cikinmu, kuma ƙa'idojinsa a rubuce suke kowa na iya karantawa. Shi ne makalar ta yi wa kuɗin goro da na 'yan siyasa.

Ɗauki Amurka, tunda ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Tallafin gwamnatin tarayyarsu, wanda ake nema da fom ɗin FAFSA, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama. Baƙo ba shi da rabo a ciki, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinka don ya cike maka shi ya cuce ka. Abin da baƙo ke samu daga asusun jami'ar kanta yake fitowa. Manyan jami'o'insu masu zaman kansu suna da dukiyar waƙafi da tsofaffin ɗalibai da attajirai suka daɗe suna tara musu; ta Harvard kaɗai ta haura dala biliyan 50, wato ta fi kasafin shekara na gwamnatin tarayyar Najeriya. Daga ribar wannan dukiyar ake biya. Wasu 'yan kaɗan daga cikinsu, Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, sai Dartmouth da Bowdoin da suka bi sahu a 2022, suna duba takardun mai nema ba tare da sun leƙa aljihun ubansa ba, ko daga Boston yake ko daga Birnin Kudu. In sun ɗauke shi, sai a zo lissafi: nawa iyayenka ke samu, mutum nawa ke ci a gidan, akwai gona ko shago, 'yan'uwanka nawa ke makaranta. A fom ɗin CSS Profile ake amsa waɗannan tambayoyi, Princeton kuma tana da nata na kyauta. Abin da lissafi ya nuna gidanku ba zai iya ba, jami'a ce ke cikewa. Tun 2001 Princeton ta daina cusa bashi a cikin tallafin da take bayarwa. Daga shekarar karatu ta 2025 kuma, Harvard da MIT sun ce iyalin da samunsu bai kai dala 100,000 a shekara ba, muddin ba su da wata dukiya ta musamman, ba za a nemi komai daga gare su ba. Gida nawa ne a Fagge ko Tudun Wada ya kusanci wannan adadin? A ma'aunin waɗannan jami'o'i, ɗan babban sakatare ma mabuƙaci ne.

Kada a ce na mai da su waliyyai. Harvard tana fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta da na masu ba ta gudummawa, nasu gindin murhun ke nan, kodayake MIT ba ta yin haka. Amma wane sanata ne cikin namu zai ɗaga waya ya kira ofishin ɗaukar ɗalibai na MIT ya ce ga yaron wajena nan tafe? Da wace lamba? Gasar dai tana da zafi: cikin masu nema ɗari, waɗanda Harvard ke ɗauka ba su kai biyar ba. Sauran jami'o'in, waɗanda su ne mafi yawa, suna duba aljihu. Mai neman tallafi mai yawa damarsa na raguwa, kuma da dama daga cikinsu in baƙo bai nemi tallafi tun ranar farko ba, ba za su saurare shi a shekara ta biyu ba, don haka wanda ya yi ƙaryar arziki don a ɗauke shi kansa ya yi wa. Akwai kuma ƙananan kwalejoji da ba a jin sunansu a nan, irin su Berea a jihar Kentucky, wadda ba ta karɓar kuɗin makaranta daga kowane ɗalibi, kowa yana yi mata aikin aƙalla sa'a goma a mako, amma baƙin da take ɗauka a shekara 'yan gommai ne kawai.

Akwai abin da Malam bai ambata ba, ni zan ambata masa, don ya fi duk hujjojinsa nauyi. Ƙofar bizar Amurka ta tsuke. A Yunin 2025 gwamnatin Trump ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a Disamba ta ƙara da Nijar, ta kuma sa takunkumi a kan bizar ɗalibai ga 'yan Najeriya. Yaron da zai ɗora dukan burinsa a kan Amurka a wannan yanayin ya yi ganganci. To amma daga nan zuwa cewa duniya ta rufe akwai tafiya mai nisa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, Malam ɗan Arewa ne, kuma da wuya ka shiga babban gari a ƙasar Hausa ba ka tarar da wanda ya yi karatu a waje kyauta ba. Tun da aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961 take ɗaukar baƙi, ta ba su ɗaki da alawus da tikitin jirgi. Marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda a makarantar allo ya taso, a can ya yi digirinsa. Ɗan wane minista ne shi? Haka Azhar ta Masar ta yi ta yaye mana malamai. Wannan ba mu taɓa kiran sa tarko ba; iyaye murna suke yi, unguwa ta raka yaro filin jirgi. To a wannan ƙasar dai ta Saudiyya akwai KAUST a Thuwal, bakin Bahar Maliya, da aka buɗe a 2009 don kimiyya da fasaha, inda duk wanda aka ɗauka digiri na biyu ko na uku ba ya biyan kuɗin makaranta, ga gida ga alawus. Akwai jami'ar man fetur da ma'adinai ta Sarki Fahad a Zahran. Akwai tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda. Me ya sa yaron da ya haddace Alƙur'ani ya san hanyar Madina tun yana sakandare, amma ƙanensa da ya fi kowa lissafi a ajinsu bai taɓa jin sunan KAUST ba? Na farkon yana da malamai da suka bi hanyar, sun san lokacin fom, sun san takardun da ake haɗawa, sun san wanda zai rubuta masa tazkiyya. Na biyun ba shi da kowa, sai makalar da ke ce masa ya haƙura.

A nan ne fifikon 'ya'yan manya yake, kuma fifiko ne na gaske, ban musa ba. Makarantar kuɗi da suka yi a Abuja ko Legas tana da malamin da aikinsa ke nan. Tun yaro yana aji huɗu na sakandare ake nuna masa jarrabawar da zai rubuta, ake gyara masa rubutu, ake tuna masa ranar rufe fom. Wannan sanin ne suka fi mu, kuma sanin ba sirri ba ne, yana nan a shafin kowace jami'a. Wanda ya ga giɓi irin wannan, aikinsa ya cike shi ne, ko ya ce wa na baya su koma gida?

Ga mai takardar sakandare, ban da Saudiyya akwai Turkiyya. Shirin gwamnatinsu, Türkiye Bursları, kan buɗe daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, a intanet ake cikewa, ba a biyan ko kobo. Mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21, makinsa ya kai kashi 70 cikin ɗari, in likitanci yake so kashi 90. Wanda ya ci, su za su sama masa jami'a, su ba shi wurin kwana da inshorar lafiya da alawus da tikiti, ya yi shekara guda yana koyon Turkanci kafin a shiga karatu. Ɗan Maraɗi ko Damagaram mai takardar bakaloriya shi ma wannan ƙofar a buɗe take gare shi. Japan tana da MEXT, wanda ofishin jakadancinta ke shirya wa jarrabawa da ganawa. Gidauniyar Mastercard kuma tun 2012 take biya wa matasan Afirka masu ƙwazo marasa galihu a jami'o'i irin su Ashesi da KNUST a Ghana, Makerere a Uganda, da Cape Town da Edinburgh da Toronto. Waje ai ba Landan kaɗai ba ce.

Gaskiyar da ya kamata iyaye su ji dai ita ce, a digirin farko guraben kaɗan ne. Yawan kuɗin yana digiri na biyu da na uku. Nan ne ni da Malam muka kusa haɗuwa ba tare da ya sani ba. Ya ce yaro ya riƙe JAMB ɗinsa. Ni ma haka na ce. Shi yana nufin nan ne iyakarsa, ni kuwa ina cewa yaron da ya shiga BUK ko ABU ko Danfodiyo ko Maiduguri ya fito da sakamako mai daraja ta ɗaya, ko ta biyu ta sama, ya riƙe ainihin takardar da ake tambaya a waje. Chevening ta gwamnatin Birtaniya, wadda ake yi tun 1983, tana biyan digiri na biyu na shekara guda, kuɗin makaranta da alawus da biza da jirgi. Abin da take nema digiri ne, da aikin shekara biyu, wato sa'a 2,800 har da aikin sa kai, da gajerun rubuce-rubuce a kan jagorancin da ka taɓa yi da abin da za ka yi in ka dawo. Commonwealth iri biyu ce: akwai wadda ke bi ta hukumar tallafin karatu ta tarayya a Abuja, akwai ta haɗin gwiwa da jami'o'in Birtaniya wadda ba ta bi ta nan. DAAD ta Jamus tana da shiri na musamman don ma'aikatan ƙasashe masu tasowa, shi ma da sharaɗin aikin shekara biyu. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana ba da yuro 1,400 a wata, a yi karatun a ƙasa biyu ko fiye, kuma 'yan Najeriya sun yi shekaru suna kan gaba a Afirka wajen cin sa. Malam ya duba hotunan waɗanda ake yi wa bankwana a Abuja duk shekara, ya ƙirga namu 'yan Arewa, sannan ya tambayi kansa: hana su aka yi, ko ba su nema ba? Mai digirin lissafi ko kimiyyar kwamfuta kuma ga AIMS, da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, shekara guda ci da sha da kwana duk a wuyanta.

Hanyar da ta fi kowacce ɗaukar mutane kuwa ita ce ta aiki. A jami'o'in bincike na Amurka da Kanada, mai neman digirin digirgir a kimiyya ko injiniya yawanci ba ya biya. Ana yafe masa kuɗin makaranta, a riƙa ba shi albashi yana taya farfesa bincike ko koyar da 'yan aji ɗaya. A Jamus da Holan da Suwidin ana tallata gurbin digirgir kamar yadda ake tallata kowane aiki, da albashinsa. Yadda ake shiga shi ne ka karanta binciken mutum, ka rubuta masa imel da ke nuna ka karanta, kuma kana da abin da za ka ƙara. Wasiƙar da ta fara da cewa kai maraya ne a taimaka saboda Allah ba za ta samu amsa ba. Ba wai mutumin ba shi da tausayi ba ne, ma'aikaci yake nema.

Sai batun kuɗin somin-taɓi. Akwai shi. Fasfo mai shafi 32 ya kai naira 100,000 tun Satumban 2025, jarrabawar IELTS kuma ta fi haka nesa. Amma Malam ya tattaro kuɗaɗen duka ya jibga wa yaro tun ranar farko, alhali ba haka suke zuwa ba. Neman Chevening kyauta ne, haka na Turkiyya, haka MEXT. Jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar C6 a Turancin WAEC a maimakon IELTS. Jami'o'in Amurka masu amfani da Common App suna yafe kuɗin fom ga wanda makarantarsa ta shaida ba shi da hali. Manyan adadin da ke tsorata mutane, irin yuro 11,904 da Jamus ta fara nema a 2024 a rufaffen asusu, ko kuɗin da Birtaniya ke so ya kwana 28 a banki, don mai biya wa kansa aka sa su; mai cikakken tallafi wasiƙar mai ɗaukar nauyinsa ce shaidarsa. Abin da ya rage a wuyan ɗan talaka shi ne fasfo da haɗa takardu da data, wani lokaci da jarrabawa guda. Yana da nauyi a gidan da kullum sai an auno masara, amma kuɗin kujerar Makka ɗaya zai sauke wa yara goma ko fiye wannan nauyin. Da Malam ya juya alƙalaminsa kan attajiran kasuwannin Kwari da Singa, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da hukumomin zakka, ya ce su ware wani abu duk shekara don fasfo da jarrabawar waɗanda suka fito da daraja ta ɗaya, da ni ne na farkon mara masa baya.

Abin da ke kayar da yaranmu sau da yawa ma ba ruwansa da dala. Ɗauko takardun yaro ɗaya ka shimfiɗa a tabarma. A WAEC sunansa Muhammad, a katin NIN Mohammed, a takardar jami'a Muh'd, a ɗaya kuma sunan garinsu ya zama sunan mahaifi. An haife shi a 1999 a takardar firamare, a 2002 a fasfo, saboda wani kawu ya ba da shawarar a rage don aikin ɗamara. A gida rantsuwar kotu ta rufe wannan. Mai tace takardu a Ankara ko Bonn kuwa mutum uku yake gani, kuma ba shi da lokacin sulhunta su, ga dubbai na jira. Sai takardar makin darussa, wadda a wasu jami'o'inmu sai an yi watanni ana sintiri, yau babu wuta, gobe mai sa hannu ya yi tafiya, fom ya rufe tana kan tebur. Sai wasiƙar shaida: farfesa ya ce je ka rubuto in sa hannu, yaro ya kwafo layi biyar daga intanet, wai mai ladabi ne mai ƙwazo ne, babu aiki ko ɗaya da aka ambata ya yi. Sai rubutun da ake so ya ba da labarin kansa, ya aro na wani da ya ci bara ya canja suna, na'ura ta gano, a jefar. Wanne cikin waɗannan ne Bature ya jawo? Wanne ne ba ya gyaruwa sai da ɗan majalisa?

Inda zan tsaya bayan Malam ba gardama shi ne batun 'yan ejan. Tallafin gaskiya ba a sayar da gurbinsa. Duk ofishin da ya ce kawo naira dubu ɗari biyar a sa sunanka a Chevening, ɓarawo ne da kwandishan. Akwai kuma rangwame da ake yi wa laƙabin tallafi. A ce jami'a ta sa kuɗinta fam 18,000, ta cire 3,000, ejan ya kira uba ya yi masa albishir cewa yaro ya ci sikolashif. Sauran 15,000 fa, da haya, da abinci, da harajin lafiya na fam 776 a shekara? Sai a sayar da fili. Irin wannan lissafin ne ke rushewa ranar da naira ta zame. Kamfanonin bashi irin su Prodigy Finance da MPOWER suna bayarwa ba jingina, amma da ruwa, kuma da dala ake biya. Musulmi ya san hukuncin riba, wanda ma hukuncin bai dame shi ba ya zauna ya lissafa biyan dala da albashin naira. Kafin uba ya sayar da ko akuya, ya tambaya: wa ke biya, me da me yake biya, har shekara nawa, kuma ina takardar? Sai dai Malam ya lura, ejan ba ya cin kasuwa sai inda babu sani. In aka ce wa yara duk ƙarya ce, masu buri ba za su daina buri ba. Tambaya a fili za su daina, su zagaya ta baya wurin ejan.

Saura maganar rashin dawowa. Wasu ba sa dawowa, TETFund ma ta faɗa. Amma Chevening sharaɗinta ne ka koma ƙasarka na aƙalla shekara biyu, a Commonwealth ma alkawarin komawa ake sa wa hannu. Abubakar Tafawa Balewa ya je Landan karatun koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, kuma ban ji an ce Arewa ta yi asarar tafiyarsu ba. Shiga sashen kimiyya ko injiniya a ABU ko BUK ka tambayi malaman inda suka yi digirgir, za ka ji Malesiya da Birtaniya da Saudiyya, ga su nan suna koyarwa. In kuwa injiniya ya ƙi dawowa, laifin wanda ya biya masa karatu ne, ko na ƙasar da jami'o'inta suka yi wata takwas a rufe a 2022? Maganin da Malam ya kawo shi ne kada yaro ya samu ilimin da wani zai yi kwaɗayinsa. Da wannan hikimar sai mu rufe kwalejojin likitanci na gida ma, tunda Saudiyya na ɗibar likitocinmu.

Ni dai matsayina shi ne: yawancin masu nema ba za su samu ba, kuma dole a gaya musu haka tun farko. Su riƙe karatunsu na gida da hannu biyu, kada a sayar da gona, kada a ci bashin ruwa, kada a ba ejan ko sisi. Amma su nema. NELFUND da Malam ke yabo, tun da ta fara aiki a 2024 makarantun gwamnati na cikin gida take biya, kuma cin bashinta bai hana kowa cike fom ɗin da ba a biya ba. Wanda ya nema bai samu ba ya yi asarar data da 'yan makonni, ya fita da takardunsa a gyare, ya kuma san inda ya gaza don baɗi. Shawarar haƙuri kuwa ɗan minista ba zai ma gan ta ba, malamin makarantarsu ya riga ya tura fom ɗinsa. Mai karanta makalar Hausa shi ne ɗan malamin firamaren nan da Malam ya yi misali da albashinsa.

Tunda Allah ya hore wa Malam masu karatu, ina roƙonsa ya ba da filinsa na mako guda ya jera musu watanni: Chevening a Agusta take buɗewa, yawancin kwasa-kwasan Erasmus tsakanin Oktoba da Janairu, manyan jami'o'in Amurka a farkon Janairu suke rufewa, Turkiyya kuma a ranar 10 ga watan take farawa. A mako na biyu ya tambayi shugabannin jami'o'inmu, da sunayensu, dalilin da ya sa takarda mai shafi biyu ke cin wata shida kafin ta fito daga ofishin magatakarda.